Gwangwanin Dama

A Sakkwato an fara rataye mutumin ne, sannan aka nuna mana laifinsa. Babu wanda ya ga aibin haka.

Shekarar da wani Kwara, Balarabe mai sayen fatu, ya kawo majigi Sabon Gari ke nan, kafin yaƙin Jamus na biyu. Ya sa aka shafe bangon sitonsa da farar ƙasa, aka shimfiɗa tabarmi a filin da ake shanya fatun awaki, ana idar da sallar magariba sai a tayar da inji. Hoton ba ya magana. Jifa-jifa rubutun Turanci yakan fito, ya ɗan tsaya, ya ga ba mai kula shi, ya wuce. Warin fatu ne kawai ba ya wucewa.

Labarin wani mutum ne mai doguwar riga da malafa, a wani birnin Turawa inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, yana bin mata ɗaya bayan ɗaya yana yankawa. Hoton a naɗe yake cikin gwangwanaye masu faɗi kamar faifai, in wannan ya ƙare sai Maigandi, wanda yake juya injin, ya ɗora wani. Ga yadda muka gani. Da buɗewa sai ga alƙali, ga igiya, an gama da mutumin. Aka sauya gwangwani, sai ga shi da ransa, 'yan sanda suna fafararsa a kan rufin gidaje. Aka sauya, ya kashe wata mai sayar da furanni. Aka sauya, ga mai furanni tana cinikinta lafiya lau, wata ce daban ta mutu. Haka muka yi ta tafiya, matattu suna tashi, har muka iso gwangwanin ƙarshe, inda ba a zubar da jinin kowa ba. Wata mace ta fito daga gidanta, mutumin ya ɗaga mata malafa a kan hanya, ta wuce, bango ya yi fari. Aka watse.

Washegari a gindin durumin Ƙofar Rini, inda muke zama bayan la'asar, babu wata magana sai ta mai malafa. Tambari, tsohon dogari ne da gwiwa ta zaunar, shi ya fi kowa gamsuwa.

"Wagga ita ta shari'a," in ji shi. "A rataye shi tukuna. Wanda ka son dalili shi zamna shi gani."

Ya ce da a ce haka Turawan nan namu suke yi, ba sai an aika da takarda Kaduna an jira ta har ɓarawo ya yi jikoki ba, da ƙasa ta zauna lafiya. Illo majemi bai damu da shari'a ba, riƙon wuƙar ne ya ɓata masa rai. Ya ce mutumin da yake riƙe wuƙa kamar ludayi bai isa ya feɗe ɗan akuya ba, balle ya addabi birni guda. Abin da ya burge shi kuwa babban ɗan sandan ne: da farko ya san komai, ana tafiya saninsa yana raguwa, a ƙarshe ko labarin kisan bai ji ba, yana zaune yana shan taba. Illo ya ce a nan dai Turawa sun faɗi gaskiya a kan ma'aikata.

Malam Lawwali, mai makarantar unguwarmu, ya yanke hukunci cewa kallon haramun ne, domin tayar da matacce na Allah ne shi kaɗai. Kowace yamma kuma yana layin gaba, yana ƙara tabbatarwa.

Wadda ta fi kowa ra'ayi ba ta ga hoton ba. Hajjo mai fura ce, da take ajiye ƙwaryarta kusa da mu, ta tattara labarin daga bakin masu saye. A wurinta abin a fili yake: mutumin ya mutu, aka tayar da shi, ana bi da shi baya-baya ana nuna masa aikinsa, har aka kai shi ranar da bai riga ya yi komai ba, aka ce to duba, nan ne ka bar hanya. Ta ce wa'azi ne, kuma ya fi na wasu da take ji. Malam Lawwali ya yi kamar bai ji ba. Abin da ta kasa ganewa shi ne ina mazan garin, da za a bar mata suna yawo cikin ruwa su kaɗai.

Da suka gaji sai suka juyo kaina, kamar yadda suka saba, tunda na yi shekaru ina fassara a ofishin En'e kuma ina karanta Turanci. Malam Siddiƙu, kai me ka gani? Na ce na ga bango. Suka yi dariya, suka ɗauka halin nawa ne.

Tun yammar farko na san abin da ya faru. Sunan labarin da sunayen 'yan wasan sai a gwangwanin ƙarshe suka fito, kalmar da Turawa suke rufe labari da ita kuma ta fito tun muna gyara zama. An jera gwangwanayen a akwati daga hagu zuwa dama, yadda masu su suke jera komai. Maigandi ɗan Musulmi ne. Ya buɗe akwati, ya yi bisimilla, ya ɗauko na dama.

A garin nan an san ni da gyara. Na taɓa tsayar da mai wa'azi a tsakiyar kasuwa saboda wasali guda, kuma ban yi nadama ba. Amma wannan kuskuren na bar shi, na kuma riƙa komawa Sabon Gari kowace yamma, ina jure igiya da wuƙa da warin fatu, saboda abin da yake cikin gwangwanin ƙarshe.

Matar nan da take fitowa daga gida, in ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya. Ta juyo, ta dudduba ɗakin, ta shafa jikinta tana neman wani abu. Sai ta ga makullin yana hannunta. Ta yi wa kanta dariya, ta girgiza kai, ta fita.

Ba su yi kama da matata Bara'atu ba ko kaɗan. Wannan doguwa ce, fara fat kamar an wanke ta da toka, ga hanci kamar tsinke. Amma duk daren duniya in Bara'atu ta kwashe kwanukan tuwo daga ɗakina, sai ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ta juyo tana neman faifan rufi, alhali yana hammatarta. Ta yi dariya, ta ce ita kam wata rana kanta za ta manta. Ni kuma ina bisa buzu, ido a kan littafi, in ce mata ai ba za a yi babbar asara ba. Iyakar hirarmu ke nan a wasu ranakun, kuma ta ishe mu.

Ta rasu a daminar da gulbin Rima ya cinye shinkafar fadama. A gidajenmu ba a ɗaukar hoton mace, ba a ma ɗaukar na namiji sai Bature ya matsa. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne fuskarta ta fara kuɓuce mini. Baitocin da na haddace ina ɗan yaro suna nan daram, har da waɗanda ba su da amfani. Ita kuwa in na rufe ido sai in ga mayafi, in ga hannu, in ji muryar, wurin fuskar kuma babu komai. A bangon Kwaran nan kaɗai, na ɗan lokacin da bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba, nake jin kamar saura ƙiris ta dawo. Kuma a yadda Maigandi yake nunawa, an riga an wuce gawar matar a gwangwanin da ya gabata. Abin da ake tashi da shi, tana raye, ta fita unguwa.

Ana gobe za a yi nunin ƙarshe a ɗora akwatin a mota zuwa Gusau, sai Sodangi ya dawo hutu daga Gwadabawa. Ƙanin Bara'atu ne, ni na koya masa baƙaƙen boko a zaurena, yanzu kuma malamin elementare ne mai alƙalami a aljihun gaba. Kallo ɗaya ya yi ya gane. Da safe ya faɗo mini gida ko sallama bai ƙarasa ba, yana dariya har da riƙe ciki.

"Mijin Yaya, ashe tsufa ya kama ka haka? Gari guda na kallon labari ta wutsiya, kai kana zamne cikinsu?"

Na ce masa ya cire takalmi tukuna. Ya cire, bai daina magana ba. Ya riga ya je wurin Kwaran, ya gaya masa an mai da shi abin dariya, kuma in Razdan ya ji za a ce mutanen Sakkwato ba su san gaba da baya ba. Kwaran ya ce shi ba zai sauya abin da jama'a suke so a kan maganar yaro ba, a kawo dattijon da ya san Turanci ya duba. Sodangi ya ba da sunana. Yana murna ya ba da shi, don ya san ban taɓa ganin kuskure na ɗauke kai ba.

Bayan azahar muka tafi. A cikin siton, tsakanin tarin fatun da aka ɗaure, an buɗe akwatin a kan benci. Tambari da Illo sun biyo mu don kada a yi babu su. Maigandi yana tsaye, fuska a murtuke, da alama bai yi barci ba. Ya tambayi Sodangi da wane hannu yake cin tuwo, da wace ƙafa yake shiga masallaci, in ya shigo taro kuma ta wane gefe yake fara miƙa hannu. Sodangi ya ce wannan ba tuwo ba ne. Maigandi ya ce komai tuwo ne in za a fara shi.

Kowane gwangwani da lambarsa a murfi, an rubuta da jan fenti, ƙato-ƙato, ko makaho ya shafa zai karanta. Na ɗauki na hagu, wanda muke gani a ƙarshe. Lamba ɗaya. Ba shi da nauyi sosai. Na daɗe ina juya shi a hannu, har Kwaran ya fara kaɗa ƙafa.

"Lambar sito ce," na ce. "Ta kantar da anka aje su a Ikko. Ba ta shafi labari ba. A bar shi yadda shi ke."

Kwaran ya tafa hannu, ya ce shi ma haka yake lambanta fatunsa. Tambari ya ce dama ya faɗa, yaran boko in ba su rikita abu ba ba sa jin sun yi karatu. Illo ya dafa kafaɗar Maigandi. Sodangi ya dube ni kawai, irin kallon da ake yi wa bangon da aka jingina da shi shekara da shekaru, aka wayi gari ya tsage.

Sai da muka fito, muka bar Sabon Gari a baya, sannan ya buɗe baki. Wasan da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa duk ya ajiye shi. Ya tuna mini ranar da na hana shi abincin rana saboda ya rubuta harafi a juye. Ya ce ni na koya masa cewa wanda ya sani ya yi shiru ya fi jahili laifi, kuma shi ya ɗauki maganar da gaske, har yana faɗa wa yaransa a aji. Ya ce bai san abin da Kwaran ya ba ni ba. Wannan ta yi zafi, na bar ta ta wuce. A ƙarshe ya ce yau in sunan labarin ya fito a gwangwanin ƙarshe, zai miƙe tsaye ya karanta wa jama'a da ƙarfi, ya fassara, kowa ya san wanda ya yi ƙarya.

Yana da iko. Kuma in ya yi, ba sunana kaɗai zai zube ba. Za a kunna fitila, a yi hayaniya, a sake jera gwangwanaye, matar ta fito da farko a yanka ta, sauran daren kuma ta zauna a mace kamar kowa.

"Ka karanta," na ce. "Amma ka zamna kusa da ni. In rubutun ya wuce, ka ba ni ɗan lokaci kaɗan kahin ka tashi. Ka dubi matar. Kak ka dubi komi sai ita."

"Mi ag gare ta?"

"Ka dai duba."

Ranar filin ya cika har kan katanga, don an ji cewa hoton zai tafi. Aka rataye mai malafa, jama'a suka yi kabbara. Aka bi shi a kan rufin gidaje, Tambari yana ba 'yan sanda shawara daga inda yake zaune. Mai furanni ta mutu, ta tashi. Illo ya sake tsaki a kan wuƙa. Malam Lawwali yana gaba yana istigfari, bai ƙifta ido ba. Sodangi yana gefena, ya ƙame kamar an dasa shi, yana bin kowane rubutu da leɓɓansa.

Aka nuna gawar matar a bakin wata kwata, ruwa yana dukanta. Na dubi ƙasa, kamar kullum. Maigandi ya ɗora na ƙarshe.

Sunan labarin ya fito, manyan baƙaƙe. Na ji Sodangi ya tattara rigarsa, ya dafa tabarma zai miƙe. Ban riƙe shi ba. Rubutun ya wuce. Ga ɗaki, ga mace tana ɗaura mayafi. Ta nufi ƙofa. Ta tsaya. Ta juyo, ta shafa jikinta, ta duba bisa tebur, ta duba hannunta. Ta yi dariya.

Hannun Sodangi yana nan a kan tabarma. Bai miƙe ba, bai kuma koma ya zauna daidai ba, ya tsaya a tsakani har bango ya yi fari. Da aka watse ban gan shi ba. Na koma gida ni kaɗai, ina jin mutane a gaba da baya suna ta gardama ko mai malafa ya tuba ko bai tuba ba.

Da hantsi ya zo. Wannan karon ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a bakin ƙofar ɗakina ba a kan tabarmar baƙi ba. Ya ce motar Gusau ta tashi. Ya ce ya taya Maigandi ɗaure akwatin, bai taɓa jerin ba, mutanen Gusau su ji da kansu. Na ce ya kyauta. Na ɗauka ya zo ne ya ba ni haƙuri a kan maganar Kwaran, har na fara shirya amsar da za ta sa ya yi da-na-sanin bayarwa.

"Malam," ya ce, "akwai gyara."

Na ce ina ji.

"Baturiyar ta dama ta juyo. Yaya ba ta juyowa ta dama. Ta hagu ta ka juyowa, kullum."

Na ce masa na zauna da ita tun shi yana yawo ba wando, ba zai koya mini yadda take juyowa ba. Ya ce ai shi ya riga ni saninta. Tana yarinya, tana taya innarsu suyar ƙuli-ƙuli, mai ya fantsamo mata a kuncin dama, ya bar tabo kamar ƙwayar gero biyu a manne, ƙasa da ido kaɗan. Tun daga ranar, in za ta waiwayi mutum sai ta ba shi ɗaya kuncin. Har kishiyoyin innarsu suna tsokanarta da shi. Ya yi mamaki da ban lura ba.

Na san tabon. Na sha ganinsa, na sha taɓa shi. Abin da ban sani ba shi ne ɓoye mini shi take yi. Shekara da shekaru tana tsayawa a ƙofar nan tana zaɓar mini kuncin da zan gani, ni kuma ido a kan littafi, ina ba ta amsa mai kaifi.

Na dubi ƙofar, sama da kan Sodangi. Na sa tabon a inda yake, ƙasa da idon dama. Sai idon ya zo, da ɗan kumburin da yake yi in ta tashi daga barci. Sai girar da ta fi 'yar'uwarta tsawo. Sai hancin, gajere, ba irin na Baturiya ba. Sai wushiryar. Abin da na yi ta nema a bangon Kwara har na yi ƙarya a gaban mutane saboda shi, ga shi ya taru a hankali, daga wurin da ita ba ta so a kalla.

Sodangi ya tambaya ko lafiya. Na ce ya matsa daga bakin ƙofa, yana tare mini haske. Ya matsa. Ya ɗan jima, ya ga ba ni da niyyar magana, ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Da la'asar ban je Ƙofar Rini ba. An ce Hajjo da Malam Lawwali sun kusa dambe a kan ko Turawa suna da hisabi. Ni ina gida, na janye buzuna daga inda yake tun ranar da aka kawo ta, na mai da shi ɗaya gefen ɗakin, inda ko ta hagu ta juyo sai na ga kuncin dama.